Saura Mako Biyar Tsere, Keke Ya Fara Ciwo: A Gyara, A Sayi Tokumbo, A Sayi Sabo, Ko A Yi Aro?

Ranar Asabar bayan atisayen asuba muna zaune wurin mai shayi a Agege, sai wani ƙanena a harkar keke ya jingina nasa a jikin benci ya ce, "Yaya, don Allah duba min wannan. Saura mako biyar tsere, kwana huɗu za a yi ana gudu, ga shi duk lokacin da na miƙe na danna feda da ƙarfi sai sarƙa ta yi tsalle." Na ɗaga bayan keken na juya taya. Gargaren yana layi, kowane zagaye sai ya shafi robar birki ya yi ƙara. Na kama sarƙa a saman babban haƙorin gaba na ja, ta ɗago har ina hango haske a ƙarƙashinta. Wayar giya ta fara tsinkewa zare-zare a bakin noti. Shi kuwa hankalinsa ya rabu gida huɗu: ya gyara wannan, ko ya sayi wani tokumbo mai firam na kabon (wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba) da ya gani a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, ko ya ci bashi ya sayi sabo dal, ko ya karɓi aron da wani Alhaji a cikin tawagarmu ya yi masa tayi.

Ba shi kaɗai ke shiga wannan tsaka-mai-wuya ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka auna abin.

Da me za a auna?

Tseren kwanaki ba irin na yini ɗaya ba ne. A ƙa'idar irin wannan gasa, tun daga Tour de France mai zango 21 har zuwa Tour du Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987, wanda bai kammala zangon yau ba, ba zai shiga na gobe ba. Ke nan sarƙar da ta tsinke rana ta biyu ta kwashe maka har da ta uku da ta huɗu, da kuɗin rajista, da watannin da ka yi kana tashi ƙarfe biyar na asuba. Don haka tambayar da ta fi "wanne ya fi gudu?" muhimmanci ita ce "wanne zai kai ni rana ta ƙarshe?"

Ma'auni na farko kuɗi ne, amma kuɗin gaskiya, wato farashin keken haɗe da abin da za ka kashe kafin ya zama abin hawa. Kusan komai na keken tsere daga waje ake shigo da shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan keke suka bi ta. Farashin da aka faɗa maka wata uku da suka wuce labari ne kawai, sai ka sake tambaya.

Na biyu juriya. Titunan Legas ba su da sauƙi: ramuka, yashi da ruwa ke kwasowa gefen hanya, guntayen kwalabe, ga iska mai gishiri daga teku da ke cin duk wani ƙarfe. Wanda yake atisaye a hanyar Lekki zuwa Epe a watan Yuni ko Yuli ya san yadda yashi da ruwa ke haɗuwa su zama kamar takardar goge katako a jikin sarƙa da robar birki.

Na uku sauƙin gyara: in abu ya lalace da yamma a masauki, akwai wanda zai iya gyarawa kafin safiya, kuma akwai kayan? Na huɗu dacewa da jiki, wanda mutane suka fi rainawa. Sirdin da ya ɗara tsayinsa da santimita ɗaya ba zai dame ka a kilomita 30 ba, amma a rana ta uku gwiwarka za ta ba ka labari. Na biyar kasada, wato abin da ba ka gani ba. A kan waɗannan duka akwai lokaci. Mai wata huɗu a gabansa da mai mako biyu ba shawara ɗaya za a ba su ba.

Kafin komai, a duba firam

Duk lissafin ya rataya ne a kan abu ɗaya: lafiyar firam, wato gangar jikin keken, da fok ɗin gaba mai riƙe tayar gaba. Ka wanke keken tas, ka kai shi cikin hasken rana. In alminiyam ne, bi duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken, da wurin da feda ke shiga, da bayan inda tayar baya ke zama. Siririn layi baƙi kamar gashi da ba ya gogewa da tsumma, tsagewa ce. Kada ka bari mai waldan unguwa ya ce maka "kawo in ɗana mata". Alminiyam ɗin keke ana gasa shi a masana'anta bayan walda don ya yi ƙwari, zafin walda ta biyu kuma yana kashe wannan ƙwarin, sai ya sake tsagewa kusa da wurin. Firam na ƙarfe shi ne wanda ƙwararren mai walda zai iya ceto. Na kabon kuwa yana iya yin rauni a ciki alhali fentinsa na sheƙi.

In firam ya tsage, zancen gyara ya ƙare, ka tsallake zuwa sauran ukun. In lafiyarsa ƙalau, ci gaba da karatu.

Gyaran wanda kake da shi

A nan zan fi daɗewa, domin shi ne zaɓin da ake yi wa kallon na marasa hali, alhali sau da yawa shi ne na masu wayo.

Yawancin abin da ke sa mutum ya ce kekensa ya mutu, kayan da dama can an yi su ne don su cinye a sauya: sarƙa, haƙoran baya, wayoyi, robar birki, taya, boris. Sarƙa tana da sauƙin aunawa ko ba ka da na'urar awo. Tazarar kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ne, don haka a sabuwar sarƙa, in ka ɗora rula a tsakiyar wata ƙusa, za ka sami wata ƙusar daidai kan inci 12. In ta zarce da kashi ɗaya cikin sha shida na inci, sarƙar ta miƙe, a sauya ta. In ta zarce ninkin haka, to ta riga ta ci haƙoran baya, kuma sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora tsallen da za ta yi ya fi na da. Dole a sauya su tare. Wannan shi ne kuskuren da na yi shekarun baya: na sa sabuwar sarƙa ana jibi tsere don in rage kashe kuɗi, tun hawan gadar farko ta fara zamewa, na ƙarasa zangon a giya biyu kacal da ba su cinye ba.

Sai ka san gidan da kayanka suka fito. A wajen kamfanin Shimano, wanda kayansa suka fi yawa a kekunanmu, samfurin Claris haƙori 8 ne a baya, wato giya 8, Sora 9, Tiagra 10, shi kuma 105 da aka fi samu a hannun mutane 11. Kowanne da faɗin sarƙarsa. Akwai tarko ɗaya da ke kama har makanikai: Tiagra samfurin 4700, duk da haƙori 10 ne, na'urar sauya giyarsa ba ta aiki da hannun giya na tsoffin masu 10, domin jan wayarsu ya bambanta. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin kayanka kafin ka shiga kasuwa. Kuma ka yi hattara da sarƙa ta jabu. Kwalinta kamar na gaske, farashinta rabi, ƙarshenta a gefen titi.

Gargaren da ke layi, in ba a buga shi a rami ya lanƙwashe ba, aikin ɗaure sifoka ne. Amma ba kowane mai gyaran keke ke iya wannan ba. Wanda ya saba da kekunan kai yara makaranta zai iya miƙar maka da shi a ido, ya bar wasu sifokun a sake wasu kamar tsirkiya, bayan kilomita 50 ya koma gidan jiya. Tambayi masu fita atisaye wa suke kai wa nasu. Ka kuma shafa gefen gargaren inda birki ke kamawa: in ya yi kwarmi kamar cokali, ya cinye, zai iya fashewa da iska a ciki.

Ta fuskar kuɗi, ko da ka sauya sarƙa, haƙoran baya, wayoyi huɗu, robar birki da tayoyi biyu masu kyau, da wuya ka kai rabin kuɗin tokumbo mai daraja. Ta fuskar jiki, babu abin da ya kai shi: sirdin ya san ka, ka san yadda yake shan kwana. Kasadarsa biyu ce. Ta farko, a buɗe wuri ɗaya a tarar da uku, musamman boris ɗin tsakiya ko sandar sirdi da gishiri ya manne ta da firam. Ta biyu, jiran kaya. In abin da kake nema babu shi a Legas sai an yi oda daga waje, to lokacin isowarsa da fitowarsa daga hannun kwastan ba a hannunka yake ba. Ka sa wa kanka wa'adi: duk gyara ya kammala saura mako biyu, don ka samu ka yi doguwar tafiya biyu ko uku a kai. Sababbin wayoyi suna saki bayan hawan farko, giya sai an sake saita ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar nauyi kuwa, kada ta ɗauke maka hankali. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade kilo 6.8 a matsayin mafi ƙarancin nauyin keken gasa, kekunanmu na alminiyam kuma sukan kai 9 ko 10. A kan duwatsun Ruwanda wannan tazara tana aiki. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Legas da kewaye, taya mai kyau da iya fakewa bayan tawaga sun fi ta tasiri nesa ba kusa ba.

Tokumbo

Shi ne mai jan ido. Keken da aka saya da tsada a Jamus ko Holan, an hau shekara shida, ya iso Apapa cikin kwantena tare da firji da tayoyin mota, ga shi a gabanka da kuɗin da bai kai na sabo mai ƙaramin matsayi ba. Akwai waɗanda suka dace, na san su. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Matsalar farko ita ce ba ka san tarihinsa ba. Ya taɓa faɗuwa? An danne shi da injin wanki a cikin kwantena? In na alminiyam ne ko ƙarfe, idonka zai iya gano yawancin aibinsa. In na kabon ne, ko da ka bi shi da tsaba kana ƙwanƙwasawa don jin inda sauti ya dushe, wannan dabara ce ta rage zato kawai. Kabon ba ya lanƙwasa ya gargaɗe ka, karyewa yake yi lokaci guda.

Akwai wani abu takamaimai da mai sayen tokumbo ya kamata ya sani. A watan Satumban 2023 Shimano ta fitar da sanarwa kan hannun feda na Ultegra da Dura-Ace masu haƙori 11 da aka ƙera kafin watan Yulin 2019, saboda ɓangarorinsa biyu da aka manne suna iya rabuwa. Lambobin sun haɗa da FC-6800, FC-R8000, FC-9000 da FC-R9100. Waɗannan kuwa su ne daidai shekarun kekunan da ke shigowa yanzu. Juya hannun fedar ka karanta lambar, ka duba bakin haɗin ko ya fara buɗewa.

Sai girma. Mutanen arewacin Turai dogaye ne, shi ya sa za ka ga firam masu lambar girma 58 da 60 sun yi yawa, alhali matsakaicin mutum 52 ko 54 yake buƙata. Mai sayarwa zai ce, "Oga, a sauke sirdi kawai." Sirdi zai sauka, amma nisan da ke tsakaninka da kan keken yana nan, kuma bayanka da wuyanka ne za su biya. Ka kuma lissafa cewa yawancin tokumbo sai an sauya masa taya, sarƙa da wayoyi, wato irin kuɗin gyaran da kake gudu, an ɗora a kan kuɗin saye. In mai giyar lantarki ne, tambayi cajarsa tun kafin ciniki, kuma ka tuna halin wutarmu. Kada ka tura kuɗi kan hoto. Ka je da wanda ya san keke, ku haɗu a wuri mai jama'a, ka duba lambar da ke ƙarƙashin firam ba a kankare ta ba, ka karɓi rasit.

Sabo dal

Ba shi da dogon bayani. Ko a ƙasashen da ake sayar da su da yawa, sabon keken tsere na alminiyam mai Claris ko Sora yana kusan dala 1,000, mai 105 kuma ya ninka haka ko fiye. Sai ka ƙara kuɗin jigila, kwastan da ribar ɗan kasuwa. Abin da kake saye shi ne kwanciyar hankali: komai sabo, kuma in daga shago tsayayye ne, kana da inda za ka koma. Sai dai shagon ba lallai ya ajiye lambarka ba, kuma sabon keke ma baƙo ne ga jikinka. Sifokunsa suna zama, wayoyinsa suna saki, in birkin faifai ne sai robarsa ta saba da faifan kafin ya kama sosai. Birkin faifai ya fi kamawa cikin ruwan sama, wannan gaskiya ne, amma in mai amfani da mai ne ya sha iska a garin da babu mai kayan aikinsa, ka shiga uku. Abin da ba na so shi ne mutum ya ci bashi ya sayi sabo mai Claris alhali tsohonsa mai 105 sarƙa kawai yake nema.

Aro

Kada kowa ya ji kunyar aro. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya, ta shiga tseren cikin fili ne da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Aro shi ne mafi araha, kuma in mai keken mutum ne mai kula da kayansa, ka san tarihinsa fiye da na kowane tokumbo.

Nauyinsa a zuciya yake. Tsere wuri ne da ake gogayya kafaɗa da kafaɗa, ana faɗuwa ba da laifinka ba. Wanda ke tunanin "in na karya keken Alhaji da me zan biya?" zai riƙa taka birki inda wasu ke wucewa. Ku yi magana a fili tun farko: in ya lalace wa zai ɗauki nauyi, kuma nawa? Sannan ka karɓe shi da wuri, ba daren tafiya ba. Ka auna tsohon kekenka da tef, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi, da kuma daga hancin sirdi zuwa kan keken, ka mayar da awon a kan na aron. Ka cire sirdinka da fedarka ka ɗaura masa. In na kabon ne, kada ka ɗaure notinsa da ƙarfin tuwo. Yawanci an rubuta iyakar ɗaurin a jikinsa, sau da yawa wajen 5 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti.

Akwai kuma rabin aro, wanda na fi so: ka gyara naka, ka ari ƙafafun keke guda biyu na ajiya, in dai yawan haƙoransu da irin birkinsu ya dace da naka.

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Kasada | Lokacin da yake so |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai kyau in firam lafiya | Ya dogara da makaniki da samun kaya | Ɓoyayyar matsala, jinkirin oda | Mako 3 zuwa 5 |
| Tokumbo | Matsakaici, da ƙarin gyara | Sa'a ce | Yawon nema da gwaji | Mafi girma, musamman kabon | Wata 2 ko fiye |
| Sabo | Mafi tsada | Mafi kyau | Mai sauƙi in akwai lambarka | Kaɗan. Bashi da rashin sabo | Mako 4 zuwa 6 |
| Aro | Kusan babu | Gwargwadon kulawar mai shi | Mai sauƙi | Biyan diyya, ɓacin zumunci | Mako 2 |

Ko wanne ka ɗauka, akwai 'yan kayan da ba a barin su a gida. Tif uku ko huɗu, faci da gam, famfon hannu, mahaɗin sarƙa na gaggawa daidai da lambar sarƙarka, wayar giya ɗaya, man sarƙa da tsumma. Ka sayi ɗan ƙaramin kan bawul ɗin nan da ke sa famfon mai facin mota ya shiga siririn bawul na keken tsere; bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, amma ya taɓa fitar da ni kunya a bakin titi. Sannan hanga, ɗan ƙarfen da ke riƙe na'urar sauya giya ta baya. An yi shi ne don ya karye a madadin firam in an faɗi, kuma kowane samfurin keke da irin nasa, ba za ka same shi a kasuwar ƙauye ba. In firam ɗinka zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28, sa ta a maimakon 23 ko 25, ka rage iska kaɗan. Ramukanmu sun fi son haka. Ka tambayi masu shirya tseren ko akwai motar da ke bin tawaga da kayan gyara, da kuma ko za su ɗaukar maka jaka daga zango zuwa zango.

Wa ya dace da wanne?

Wanda firam ɗinsa ya tsage kuma saura ƙasa da wata guda, ya nemi aro, ya bar zancen saye sai bayan tsere, lokacin da babu wanda zai ga gaggawa a fuskarsa ya tsawwala masa farashi. Wanda ke da wata biyu ko uku, kekensa ya yi masa kaɗan ko yawa, ko kuwa irin na da ne da kayansa suka ɓace a kasuwa, tokumbo na alminiyam mai Tiagra ko 105 zai yi masa, da sharaɗin ya je da masani kuma ya ware kuɗin gyara a gefe. Wanda Allah ya hore wa, yana da niyyar yin shekaru a harkar, kuma ya samu lambarsa a shago, ya sayi sabo, amma ya ba shi aƙalla wata guda a ƙarƙashinsa. Wanda wannan ne tserensa na farko kuma bai tabbatar zai sake ba, kada ya sayi komai mai tsada.

Shi kuwa ƙanen nawa, mun wanke kekensa a nan bayan shagon mai shayi, muka bi walda ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, ba mu ga komai ba. Tiagra ne a jiki, lambar firam 54, daidai tsayinsa. Na kabon ɗin da ya gani a Jiji 58 ne. Ranar Litinin zai kai ƙafar baya wurin mai ɗaure sifoka, ya sayo sarƙa da haƙoran baya tare, sannan ya je ya gaishe da Alhaji ya ce masa keken ya gode, amma in da hali ƙafafun ajiyar nan biyu yake so.